Kun taɓa ganin abin da baki ya kasa ba da labarinsa?

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni kuma da gaske nake. Akwai wanda ya taɓa ganin wani abu a daji ko a ruwa ko a sama, abin ya tsaya masa a rai, amma in ya zo ba mutane labari sai magana ta ƙi fita yadda yake so? Ba zancen aljanu nake ba, halittar Allah ta zahiri. Ni nawa a Rumsiki ne, ƙasar Kapsiki gaba da Mokolo a arewacin Kamaru, da hunturu na raka kawuna. Bayan sallar asuba na fito, hazo ya cika kwarin gaba ɗaya, ba ka ganin ƙasa ba ka ganin gindin duwatsun nan, sai kawunansu kawai dogaye baƙaƙe tsaye a sama ba abin da ya riƙe su. Da yamma na gansu da idona, na san duwatsu ne, amma wallahi ƙafata sai da ta yi sanyi. Na ɗauki hoto da portabul, duk wanda na nuna wa sai ya ce eh dutse ne mai kyau, shi ke nan. Abin yana min ciwo. Ku ba ni naku don Allah.

Shofer Faya:
Wa alaikumussalam ƙanena. Ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni kamyo nake ja, hanyar Njamena zuwa Faya a arewacin Cadi har gaba, kuma duk wanda bai ga tafkunan Uniyanga ba in na faɗa masa cewa yake ina ƙari. Ka yi ta tafiya cikin rairayi da dutse, ba itace ba ciyawa, leɓenka ya tsage, idonka ya saba da launi ɗaya har ka manta akwai wani launi a duniya, sai kawai ku hau wani tudu ka ga ruwa shimfiɗe a ƙasa da dabino kewaye da shi, rairayi ya gangaro har cikin ruwan. Tafkuna 18 ne a ɓangare biyu, wani shuɗi wani kore wani ya yi ja-ja, a wurin da ruwan sama na shekara guda bai kai milimita 2 ba. Babban tafkin ɓangaren Uniyanga Kebir, Yowan, gishiri ne zalla ba ya shayuwa, amma can ɗaya ɓangaren akwai masu ruwan daɗi har da kifi a ciki, ciyawar ruwa ta rufe samansu. Kifi fa a tsakiyar Sahara. Yaron motata da ya fara gani bai ce komai ba, zama ya yi a kan rairayi yana ta subhanallah.

Amma gaskiya abin da ya fi kama ni ba ruwan ba ne, shirun dare ne. In muka kashe injin muka yi shimfiɗa gefen mota, babu kukan kare babu gyare babu sauro, har sai ka ji kunnenka yana ƙara da kansa, ka ji bugun zuciyarka. Taurari kuma ba a sama kaɗai suke ba, sun sauko har inda ƙasa ta ƙare ta kowane gefe, ka juya dama su ne ka juya hagu su ne. Akwai daren da na kasa kwanciya rigingine saboda ji nake zan faɗa sama, sai da na dafa tayar mota. Wannan ta yaya za ka faɗa wa mutumin da ya kwana a Marwa da fanka da hasken lantarki?

Maman Hafsat:
Sannu malam direba, amma mu ma na Marwa muna da namu, kuma ba sai an yi tafiya ba. Mayo Kaliyawo, kogin da ya ratsa garin, rabin shekara rairayi ne, yara na buga ƙwallo a ciki, mata na tona rami suna ɗiban ruwa suna wanki. Farkon damina wata rana muna gefen gada, rana tsaka, ko ɗigo ɗaya bai sauka a kanmu ba, hadarin can yamma yake wajen duwatsu. Sai muka ji wani gurnani daga nesa, mutane suka fara ihu a fito a fito, sai ga ruwa ya taho yana tafiya a kan busasshen rairayi, goshinsa ɗauke da karare da kumfa da rassan itace, ja jawur. Kana iya ganin bakinsa, nan ruwa nan kuma ƙasa busasshiya, yana cinye ta a hankali. Kafin a yi la'asar kogi ya cika daga wannan gaɓa zuwa waccan. Tun ina yarinya nake gani amma har yau tsigar jikina sai ta tashi. Ku dai iyaye a kula da yara lokacin, ruwan nan ba ya sallama.

Malam Lekol:
Ɗan Garwa da malam direba, labarinku ɗaya ne ba ku sani ba. Hazon da ya rufe maka kwarin Rumsiki, yawancinsa daga wajen direba ya taso. Kudu maso yamma da Faya akwai kwarin Bodele, da can gindin babban tafki ne tun zamanin da tafkin Cadi ya mamaye wurin shekaru dubbai da suka wuce. Ruwa ya ƙafe ya bar gawar ƙananan halittun ruwa, ita ce farar ƙasar wurin. Iska in ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi sai ta ƙara ƙarfi ta kwashe ta, wajen kwana 100 a shekara tana tashi, ta rufe mu da hunturu, wani ma ya haye teku har dajin Amazon na Barazil. Tafkunan Uniyanga kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke ciyar da su, wanda ya taru tun Sahara na da damina, shi ya sa rana ke sha kullum ba su ƙafe ba, a 2012 UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya. Su duwatsun Kapsiki narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron tsaunuka masu aman wuta, ruwa da iska suka cinye jikin tsaunin suka bar abin da ke ciki a tsaye. Ni dai sanin haka bai rage min komai ba, ƙara min ya yi, duk safiyar hunturu in na share ƙura a kan teburin aji ina tuna tsohon tafki ne a hannuna.

Shofer Faya:
Malam ka yi gaskiya, na taka irin ƙasar nan, fara ce laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe, ƙafa nutsewa take. In ta tashi rana tsaka sai mun kunna fitila, wani lokaci mu tsaya cik mu naɗe fuska da rawani har ta lafa.

Baba Manomi:
'Ya'yana kun yi ta faɗin masu daɗi, bari in kawo wanda ke zuwa da tsoro. Jan-baki. Mu da muke noman masakwa, dawar rani, a karal, wato ƙasar laka, wajen Yagwa mun san shi. Tsuntsu ne ɗan ƙarami, a tafin hannu ma ba ya cika, amma in suka taso da yamma daga wajen fadamun kogin Logon sama ce take yin duhu, ayari guda ya miƙe ya lanƙwasa ya dunƙule ya sake buɗewa, duka tare, ba wanda ke karo da wani, kuma ƙarar fukafukansu kana jinta a ƙirjinka kafin kunnenka. In suka sauka kan itace reshe karyewa yake. Na tsaya a gonata da gwangwani a hannu ina kaɗawa, na san abincin iyalina ne suka nufa, amma hannuna ya tsaya ina kallo baki buɗe, ina jin haushi ina jin mamaki lokaci guda, ban san sunan wannan abin da na ji ba har yau. Shekarar nan kwata na gonar kawai muka tsira da shi. Malam, kai da ka yi karatu, wa ke ba su umarnin juyawa tare haka, akwai shugaba a cikinsu ne?

Malam Lekol:
Baba babu shugaba. Kowane ɗaya na kusa da shi kawai yake kallo, in maƙwabcinsa ya karkata shi ma ya karkata, sai juyin ya ratsa ayarin gaba ɗaya kafin ƙiftawar ido. Allah ya tsare mana gonaki bana, ya mayar maka da abin da ka rasa.