Don Allah ya ake faɗin Neuroblastoma, kuma me yake nufi?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ɗan yayata ne ɗan shekara 2 cikinsa ke ta kumbura ga rama ga kukan ƙafa, aka yi hoton ciki likita ya rubuta neuroblastoma a takarda ya ce ciwon daji ne, to wallahi ko faɗin sunan mun kasa a gida, kowa da yadda yake kiransa, ni kuma ina so in na je wajen likitan in faɗa daidai in san me nake tambaya. Mai sani ya taimaka don Allah.

Ɗalibin_Likitanci:
Wa alaikumus salam Anti, Allah ya ba shi lafiya. Ki ce NIYU-RO-BILAS-TOO-MA, ki ja TOO ɗin kaɗan. Ƴan Amurka NU-RO suke cewa, ƴan Ingila NIYU-RO, duk ɗaya ne.
Kalmomi uku ne na Girkanci aka haɗe. Neuro jijiya ce, amma ba ta jini ba, wadda ke kai saƙo a jiki. Blast kuma daga blastos, wato tsiro ko toho, ana nufin ƙwayar halittar da ba ta gama nuna ba. Oma shi ne ƙari. Kin ga kenan ƙari ne daga ƙwayoyin jijiyar da suka tsaya ba su girma sun zama cikakkiyar jijiya ba, shi ya sa yawancin waɗanda yake kamawa yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Wani likitan Amurka, James Homer Wright, shi ya raɗa masa sunan a 1910.

Nas_Ɓangaren_Yara:
Ƴar uwa abu ɗaya nake so ki kula da shi sosai, akwai wani mai suna nephroblastoma, NE-FRO, wanda ake kira Wilms, shi daga ƙodar kanta yake fitowa, shi ma da kumburin ciki yake zuwa, kuma a kunne sunayen kamar ɗaya suke. Neuroblastoma kuwa yawanci daga wani ɗan nama yake tashi da ke zaune a saman ƙoda, adirinal, wani lokacin a ƙirji ko wuya ko gefen ƙashin baya. Magungunansu sun bambanta, don haka ki ɗauki hoton takardar a waya, duk inda za ku je ki nuna rubutun da kansa kar ki dogara da baki kawai.

Ummu_Hanan:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. To da na ji an ce neuro sai hankalina ya tashi na ɗauka a ƙwaƙwalwa yake, kuma kakarsa na ta cewa kar ƙannensa su ɗauka.

Ɗalibin_Likitanci:
A'a Anti ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne, na jijiyoyin da ba a cikin ƙwaƙwalwa ko laka suke ba ne. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, ba a ɗaukarsa, kuma gadonsa ma ba kasafai ba ne. In kun koma ki tambayi likita mataki na nawa yake, ya bazu zuwa ƙashi ko ɓargo ko bai bazu ba, sannan ko za a yi gwajin fitsari na VMA da HVA (wasu sinadarai ne da kan ƙaru a fitsarin mai wannan ciwon), don daga nan ne za su san tiyata za a fara ko kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji.