Kamfe, gayya ko ayari? Neman suna ga wani tsarin wasan tebur

1/
Jama'a, sallama. Kwana uku ke nan wata magana ta maƙale mini a wuya kamar ƙayar kifi, kuma ƙanena ne ya ja mini. Yana karatu a waje, ya faɗa cikin masu wasan Starfinder, ya ce in taya shi rubuta bayanin wasan da Hausa don abokansa na gida. Aiki ya tafi sumul har muka iso kan abin da Turawa ke kira "organized play campaign". Nan alƙalami ya tsaya. Na kai maganar zaurenmu na masu son harshe, aka yi ta kai-komo. Ga yadda ta kaya.

2/
Sai an san abu kafin a raɗa masa suna. Wasan nan ba na kwamfuta ba ne, ba kuma ludo ba. Mutum huɗu zuwa shida ne ke zama a tebur guda, kowa ya ƙagi jaruminsa a takarda: sunansa, asalinsa, ƙarfinsa, sana'arsa. Mutum ɗaya ya riƙe labarin, ya ce, "Ga ku cikin kumbo, wuta ta ɗauke, kun ji motsi a bayan ƙofa. Me za ku yi?" Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, a jefa dais mai fuska 20, a ga ko ya dace. Tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da bakin magana a cikinta. Ba a zuba kuɗi. Na faɗi wannan tun da wuri don na san da an ambaci jefa dais wani zai ce caca.

3/
Kamfanin Paizo da ke jihar Washington ta Amurka ne ya yi shi. Ya sanar da zuwan wasan a 2016, ya fito da babban littafin dokokinsa ranar 17 ga Agusta, 2017 a Gen Con, babban taron masu wasannin tebur na birnin Indianapolis, wanda shi ne zama na 50 na taron. A labarin, duniyar da ake kira Golarion ta ɓace, ba mai tuna yadda aka yi, sai tashar Absalom ke shawagi a gurbinta. Mai bindigar lesa da mai sihiri a kumbo guda, ga mutane masu hannu huɗu, ga masu siffar ƙadangare, ga masu kama da ɓera. Irin wannan labari shi suke ce wa "science fantasy". Bai ba mu wuya ba, mun tsaya kan almarar kimiyya da sihiri. Wata 'yar'uwa ta so a ce tatsuniyar zamani, aka ce Hajiya, wannan riga ta yi wa abin yawa, ko labarin ɗan acaɓa da aljani zai shige ta.

4/
Ga inda gizo ke saƙar. Paizo bai tsaya ga sayar da littafi kowa ya je gida ya yi yadda ya ga dama ba. Tun kafin fitowar wasan ya tsara cewa a wannan taron zai ƙaddamar da Starfinder Society, wato labari guda ɗaya da duk masu wasa a duniya za su shiga tare. Kamfanin ke rubuta gajerun labarai yana fitarwa bi da bi, a bugun wasan na farko kowanne kan ci kamar awa huɗu zuwa biyar a zama ɗaya. Ka yi rajista a ba ka lamba. Ka gina jaruminka bisa dokoki iri ɗaya da na kowa. In an tashi daga tebur, mai riƙe da labari ya cike maka takarda ya sa hannu: ga abin da ka samu na kuɗin wasa, ga kayan da ka tsinta, ga makinka. A bugu na farko maki ɗaya ake samu a kowane labari, maki uku su ɗaga jarumi zuwa mataki na gaba.

Da wannan takarda, jarumin da ka fara da shi a shago a Landan za ka iya zaunar da shi a tebur a Indianapolis wata mai zuwa, cikin mutanen da ba ka taɓa gani ba, su karɓe shi ba musu. Ana kuma aika wa kamfanin sakamakon kowane tebur, wani lokaci zaɓin da mafi yawan tebura suka yi ya juya akalar labarin gaba. Ba Paizo ne ya fara ba. Ƙungiyar masu irin wannan wasa da ake kira RPGA ta kafu a 1980, ta soma irin wannan labari na tarayya a 1987. Shi Paizo ya fara gwada hannu da Pathfinder Society, na wani wasansa mai suna Pathfinder, a 2008, masu Dungeons & Dragons, shahararren wasan tebur irin wannan, kuma suna da Adventurers League tun 2014.

To wannan abu, me za mu kira shi?

5/
Na farko da ya yi magana ya ce ai ba sai an wahala ba, muna da kamfe. Aka yi dariya. Malam, kamfe a kunnen Bahaushe ya riga ya sha fenti: fosta, lasifika, hula mai hoton ɗan takara, buhun shinkafa. Ka ce wa yaro "zo mu shiga kamfe daren Juma'a", tambayar farko ita ce nawa za a ba shi na mota. Ban da haka, harshe na ɗan zamewa kaɗan ka faɗa kamfai, ka shiga uku a gaban surukai.

6/
Amma shawarar tasa ta sa na bi asalin kalmar. A Turanci maganar soja ce tun farko: fitar runduna zuwa fili na tsawon wani lokaci, gumurzu bayan gumurzu, har a cimma buƙata. 'Yan siyasa aro suka yi, shi ya sa mu ma muke cewa yaƙin neman zaɓe. Masu wasan tebur kuma sun gaje ta daga masu wasan yaƙi da 'yan ƙananan sojojin gumaka, waɗanda su ne suka kafa Gen Con a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a 1968. Daga cikinsu Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a 1974, kalmar ta biyo su. Yau a bakin masu wasa ma'anarta labari mai tsawo da ake ci gaba da shi zama bayan zama da jarumai iri ɗaya. Saboda haka masu cewa a fassara da yaƙi ko farmaki sun kama saiwa sun bar reshe. A Starfinder Society jarumai masu bincike ne, wani labarin sulhu ake nema, wani kufai ake tonawa.

7/
Gasa da lig, su ma sun zo. Ban ɗauke su da nisa ba. A gasa akwai na ɗaya akwai na ƙarshe. Nan duk wanda ke tebur gefe guda yake, in an faɗi tare aka faɗi.

Tsararren wasa kuwa fassara ce daidai wa daida, sai dai ba ta da gishiri. Ƙwallon ƙafa tsararren wasa ne, dambe ma haka. Ba ta gaya wa mai ji komai.

8/
Wadda ta kusa cin kasuwa ita ce wasan gayya. Wani malamin Hausa ne ya kawo ta, kuma da hujja. A gayya ana kiran jama'a, kowa ya zo da fartanyarsa, a yi aiki guda, ba albashi. Haka tsarin yake: masu shirya tebura a garuruwa 'yan sa-kai ne, kamfani na ba su muƙami amma ba ma'aikatansa ba ne. Na kwana guda ina tare da shi.

Da safe na sauya. Ranka ya daɗe, gayya ta yini ɗaya ce. A gama noman gonar, a sha fura, a watse. Gayyar gobe ba ta san abin da aka yi a ta yau ba, ba wanda ke tafiya da shaidar kunya nawa ya nome don a ɗaga masa daraja a gona ta gaba. Abin da ya raba wannan tsari da sauran wasanni shi ne ɗorewa da tafiya: jarumi na girma, yana yawo da tarihinsa. Gayya ta kama taron, ta saki tafiyar. Sannan "wasan gayya" na iya faɗa wa kunne kamar wasan da aka yi da gangan don a ƙuntata wa wani.

9/
Daga nan wata ƙanwarmu ta ce, "Yaya, ai masu fim sun riga sun yi mana aikin. Me ya hana mai dogon zango?" Gaskiyarta. Duk mai kallo ya san fim mai dogon zango, ya san zango na 1 da zango na 2. Na karɓa hannu biyu, amma ga rabin maganar kawai. Labarin da abokai biyar ke yi a ɗakinsu shekara biyu, kowace Asabar, shi ma wasa ne mai dogon zango, alhali ba ruwansa da kowa a duniya. Ke nan mun samu Hausar "campaign". Saura ɗayan rabin.

10/
Kalmar zango ce ta buɗe ƙofa. Wani dattijo a zauren, wanda kakansa ya yi fataucin goro, ya ce, "Ku yara kuna ta zango, zango, kun manta mai sauka a zangon." Ayari.

Na tsaya na auna. Fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga su komo da goro, tafiyar watanni suke yi. Kowane falke da jakunansa da hajarsa, ribarsa tasa ce. Amma hanya ɗaya ce, doka ɗaya ce, madugu uban tafiya ke faɗin ranar tashi da wurin sauka, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa. Ba lallai ka san duk wanda ke cikin ayarin ba. Kana iya shiga a wani gari ka rabu da su a wani. Wanda ka ci tuwo da shi a zangon jiya ba lallai shi ne na yau ba. Abin da ka tara kuwa yana kan jakinka, yana bin ka duk inda ka sauka.

Ban san kwatancen da ya fi wannan zama daram ba. Jaruminka hajarka ce. Kowane zama a tebur sauka ce a zango. Takardar da ake cike maka, takardar zango. Ɗan sa-kan da ke kula da teburan gari guda, wanda Paizo ke ba muƙamin kyaftin, aikinsa na sarkin zango ne, irin wanda 'yan'uwanmu na Kumasi suka sani: karɓar baƙo, nuna masa masauki, raba gardama. Wasan ayari. Ya yi daɗi a baki, gajere ne, yaro zai riƙe.

11/
Ba a bar ni na sha ruwa ba. Ƙanen nawa da kansa ya tayar da ƙura: "Yaya, to su mutum biyar ɗin da ke tebur fa? Ai su ne suka fi kama da ayari, su ke tafiya tare." Wannan ce suka mafi ƙarfi da aka yi, kuma na yarda tana da ƙafa. Amsata ita ce mutum biyar ba su kai ayari ba. Ayari sai da yawa, ko na raƙuman gishiri da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma ka duba. Mutum biyar abokan tafiya ne, ko tawaga in ana son kalma ɗaya.

Wani kuma ya ce yanzu in an ce ayari, motocin gwamna da jiniya ke zuwa zuciya. Haka ne, amma kalmar ba ta mutu a can ba kamar yadda kamfe ta mutu a siyasa. Har gobe ana cewa ayarin alhazai, ayarin 'yan wasa. Da an sa "wasan" a gabanta jiniyar ta yi shiru.

Akwai inda kwatancen ya gurgunce, ba zan ɓoye ba: ayarin gaske lokaci guda yake tafiya, a nan kuwa wani na buga labarin bara yau, wani ya riga ya wuce. Sai a manyan taruka ne ake haɗa tebura masu yawa a zaure guda su buga labari ɗaya a lokaci ɗaya. Na ɗauki wannan gurguntar, don sauran kalmomin ƙafa biyu suka rasa.

12/
Mai riƙe da labari a tebur fa? Da yawa sun yi tsalle sun ce madugu. A wasan gida na yarda, shi ke da wuƙa da nama, yana iya soke doka ya kafa wata. A wasan ayari ba shi da wannan iko. An ce ya gudanar da labarin yadda aka rubuta, don kada tebur ɗaya ya raba dukiya wani ya hana. Madugu a nan ma'aikatan kamfanin ne masu tsara labarin shekara. Na tebur ya fi kama da jagaba, mai shiga gaba ya nuna hanyar da ba shi ya zana ba. Sai dai kun san inda kalmar jagaba ta koma a Najeriyar yau, kada mu gudu daga kamfe mu sake faɗawa cikinsa ta taga. Jagora ya ishe mu.

13/
Na gwada su a jimla, na karanta wa mahaifiyarmu, wadda ba ta taɓa ganin dais mai fuska 20 ba: "A watan Agustan 2017 kamfanin Paizo ya ƙaddamar da wasan ayari na Starfinder, ya kuma sake ɗaura sabon ayari da fitowar bugu na biyu a 2025. Duk wanda ya sauka a zango, jagora zai cike masa takardar zango, ya tafi da ita tebur na gaba." Ta ce, "To, su waɗanda suka makara, ayarin na jiran su?" Na ce ba ya jira, Inna, amma ana shiga a ko wane zango.

Haka na aika wa ƙanena. Dais ɗin ne har yanzu muke ja: shi ya ce ɗan ludo, ni na ce ɗan ludo fuska shida gare shi.