Muhawara: Shin gona ce za ta sanyaya duniya?

Malamin Gona: Assalamu alaikum jama'a. Yau na zo da magana, kuma na tsaya a kanta: in manoman duniya suka rungumi noma mai la'akari da yanayi, to an ci rabin yaƙin sauyin yanayi. Rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, na 2019 ya ce noma da kiwo da sare daji su ke fitar da kusan kashi 23 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Tun 2010 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fito da wannan tsarin noma, ta ɗora shi a kan duwatsu uku kamar murhu: amfani ya ƙaru, gona ta jure fari da ambaliya, iskar da take fitarwa ta ragu. Mai ja ya fito.

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Na fito. Da bakinka ka ce kashi 23, yaya aka yi ya zama rabin yaƙi? Kuma babban yanki na wannan adadi daga sare manyan dazuzzuka yake, irin na Amazon da Indonesiya. Sauran kashi uku cikin huɗu mafi yawansu kwal ne da man fetur da gas da siminti. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa daga ƙona makamashi ba. A zo a ce wa mai fartanya shi zai gyara sama, ai an bar jaki ana dukan taiki.

Malamin Gona: Injiniya, ka manta ƙasa ma rumbu ce. Kabon ɗin da ke kwance a cikinta ya fi wanda ke sararin sama yawa. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na Faris na 2015 Faransa ta kawo shirin "4 cikin 1000", wato a ƙara kabon ɗin ƙasa da kashi 0.4 cikin 100 duk shekara.

Injiniya: Rumbu ne mai cika, kuma mai yoyo. Gonar da aka gyara tana shan kabon na wasu shekaru, sannan ta ƙoshi ta tsaya. Ranar da magaji ya sa garma ya kife ta, ko aka yi gobara, abin da aka tara ya koma sama. Shi kuwa kabon ɗin da aka tono daga rijiyar mai yakan daɗe ɗaruruwan shekaru yana aiki. Ko noman da ba a huɗa, da aka yi ta yabo, bincike ya nuna sau da yawa kabon yake tarawa a saman ƙasa, in aka auna har can ciki ribar sai ta ragu sosai.

Baba: 'Ya'yana ku dakata, kun hau sama kun bar mu a ƙasa. Ni ban san kabon ba, na san gawo. Akwai uku a gonata. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke yin ganye, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya tsirara, rana ta ratsa ta sami shuka. Da rani ya yi kore, dabbobi su kwanta a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar mini taki. Shekarar da ruwa ya ɗauke kwana ashirin bayan shuka, ganyen duk gonar ya nannaɗe kamar taba, sai da'irar da ke gindin gawon nan ce ta tsaya kore. Da idona na gani. In wannan ne kuke kira noma mai la'akari da yanayi, ubana ya riga masu taro saninsa.

Malamin Gona: Allah ya ja kwana Baba, ka ba ni hujja kyauta. Abin da ya faru a Nijar ke nan. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sassabewa duk shekara toho ne na kututturen bishiyoyi masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara zaɓar reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Shi ne sassaben zamani. An ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Injiniya, wannan ba kabon ba ne?

Injiniya: Kabon ne, kuma na cire hula. Amma tambayi waɗanda suka yi, don sanyaya duniya suka yi? Itace suke so, da abincin dabba, da abin da zai kare shuka daga iskar da ke binne ta da yashi. Kuma bai yaɗu ba sai da manomi ya sami tabbacin cewa bishiyar da ya rena tasa ce, ɗan gandun daji ba zai ci shi tara a kanta ba.

Hajiya: Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina dariya, duk ba wanda ya ambaci wahala. Malam, kuna cewa a bar kara a gona ya rufe ƙasa. Madalla. To dabbobina su ci me a watan huɗu da na biyar? Karan nan shi ne abincinsu, shi ne makamashi, shi ne danga. Wanda ya rubuta shawarar nan ina jin bai taɓa kwana da kukan saniya mai yunwa ba.

Malamin Gona: Gaskiyarki Hajiya, wannan ƙulli ne da har yanzu ba a kwance ba. Shi ya sa muke cewa a haɗa da wake ko wata shuka mai harawa, a sami abincin dabba ta wata hanya.

Hajiya: Haka tassa, ramukan nan da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da su har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. Na ga yadda ake yi. Da rani tsakiya ake haƙa su a fako mai tauri kamar dutse, rami kamar faɗin ƙwarya, a zuba taki cikin tafin hannu, gara ta zo ta huda ƙasa ruwa ya sami hanya. Yana aiki, ban musa ba. Amma ramuka dubbai ne a hekta ɗaya, da hannu. Wa zai haƙa, in samarin sun tafi ci-rani?

Auta: A yi mini afuwa iyayena, ni ɗalibi ne. Ina ganin kun mai da maganar ta ƙaramin manomi kawai. Ku dubi shinkafa. Ruwan da ke kwance a gonarta yana hana iska shiga, sai ƙwayoyin halitta su riƙa fitar da iskar metan, wadda a cikin shekara 20 ta fi kabon ɗumamawa kusan sau 80. Cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin ta yaɗa wata dabara: a kafa guntun bututu mai huji-huji a gona, a bar ruwa ya janye, sai an leƙa an ga ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa a sake sakin ruwa, ban da lokacin da take fure. Ana rage ruwa har kusan kashi 30, metan kuma ya ragu sosai. Wannan ragi ne na gaske, ba ajiya ba ce da za ta tsiyaye gobe.

Injiniya: Auta ka yi magana. Nan kam na yarda. Haka takin zamani a inda ake zuba shi fiye da kima, kamar sassan Sin da Turai da Amurka. Abin da shuka ba ta sha ba yana komawa iskar nitros oksayid, mai ƙarfi sau 273 na kabon. A can akwai abin ragewa. Amma kar a kwaso wa'azin a kai inda ƙasa ke jin yunwa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a 2006 a kai kilo 50 na taki a hekta, har yau matsakaicin bai kai ba. Kun kuma ga Sri Lanka a 2021, da aka hana takin zamani dare ɗaya, amfanin shinkafa ya faɗi, kafin shekara ta ƙare gwamnati ta fara janye dokar.

Malamin Gona: Ai tsarin bai ce a bar taki ba. Cewa ya yi a sa daidai, a gindin shuka, a kan lokaci.

Injiniya: Matsalar ke nan Malam, rigar ta yi faɗi, kowa na iya sa ta. Da aka kafa ƙawancen duniya na wannan noma a 2014, kamfanonin taki na ciki, shi ya sa a 2015 ɗaruruwan ƙungiyoyin fararen hula suka sa hannu suka ce ba su yarda da shi ba. Yanzu kuma ga cinikin kabon: kamfani ya ci gaba da hayaƙinsa, ya biya a ce gonar Baba ta shanye.

Hajiya: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malamin Gona: To na sauko daga rabin yaƙi, kalmar ta yi mini yawa. Amma ban sauka daga wannan ba: ko yau aka rufe kowace rijiyar mai, zafin da aka riga aka tara yana nan, damina kuma ba za ta koma yadda take ba. Wanda bai gyara gonarsa ba shi zai fara shan wuya.

Injiniya: A kan wannan ba mu da faɗa. A kira shi garkuwar manomi, a ba shi kuɗin yi. Kawai kar a lissafa shi a madadin rage kwal da fetur.

Auta: Ni dai har yanzu ina ganin kun raina ɓangaren metan. Ba mu ma taɓa maganar shanu ba.

Hajiya: Auta, ka bar mini shanuna sai gobe, yanzu ma tatsa zan tafi.

Baba: Malam, kafin ku watse. Akwai toho biyar da suka fito a kututture ɗaya a gefen gonata. Nawa zan bari, kuma yanzu zan datse ko sai an yi ruwan farko?