Muhawara: Zamfara ta ga canji, ko Gusau ce kaɗai ta gani?

Kabiru: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai ra'ayina ke nan, kuma ina kansa: tun da aka ƙirƙiro Zamfara a 1996 ba a yi gwamnatin da ta kula da asibiti da hidimar jama'a kamar ta Dauda Lawal ba. An kafa dokar ta-ɓaci kan ilimi a ƙarshen 2023, aka kafa kan lafiya a farkon 2024. Asibitin Yariman Bakura an sabunta shi, Obasanjo ya zo ya buɗe a 2025. An biya bashin WAEC da NECO da ya hana yaranmu ganin sakamakonsu. Titunan Gusau kuwa gani ya kori ji. Mai ja ya kawo hujja, ban da zagi.

Malam Lawali: Wa alaikumus salam. Kabiru, cire maganar jarrabawa, sauran duk a Gusau suke. Ƙananan hukumomi 14 gare mu.

Kabiru: Malam, an gyara babban asibitin Ƙauran Namoda da na Maru. Su ma a Gusau suke?

Anti Rabi: Ƙanena Kabiru, ni aikin jinya nake yi, bari in sa baki. Gyaran da ka faɗa an yi shi, wanda ya ce ba a yi ba bai yi adalci ba. Amma macen da naƙuda ta kama da ƙarfe biyun dare a ƙauyen Zurmi ko Dansadau, ba fenti take nema ba. Ungozomar asibiti take nema wadda ta kwana a wurin, da fitila, da allurar tsayar da jini wadda ba ta lalace ba don an ajiye ta a firjin da ke aiki. Abin da ya fi kashe mana mata wajen haihuwa zubar jini ne da jijjiga, kuma duka biyun ba sa jiran gari ya waye. To gari bai waye ba, wane direba zai ɗauko mota ya bi hanyar da shi kansa yake tsoron a ɗauke shi? Na taɓa aiki a wani ƙaramin asibiti, ba zan faɗi suna ba, inda da la'asar kowa ke kulle ɗakinsa ya nufi gari. Ban ga laifinsu ba, nima haka na yi. Ma'aikacin da aka tura ƙauye, abu na farko da yake nema shi ne wanda zai tsaya masa a mayar da shi Gusau. Saboda haka sai ka ga asibitin birni ya cika da ma'aikata, na ƙauye kuma sai mai gadi da yaro ɗaya mai ba da kati.

Shamsiyya: Anti ta gama magana. A 2024 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka auna yara a Shinkafi da Zurmi, suka ce kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Yaya Kabiru, wane titi ne zai warkar da wannan?

Kabiru: Tamowa daga yunwa take, yunwa kuma daga hana noma da 'yan bindiga suka yi. Soja da 'yan sanda a hannun wa suke? Abuja. Gwamna ba ya ba su umarni. Abin da ke hannunsa ya yi, ya kafa rundunar tsaro ta jiha, Askarawan Zamfara, a Janairun 2024. Ku riƙa sara kuna duban bakin gatari.

Baba na Anka: Ɗiyana, ku saurara. Mu da munka ga gubar dalma a 2010, yara sama da 400 sunka tahi a ƙasar Anka da Bukkuyum, mun san wanda yat tsaya muna. Baƙi na, likitocin ƙasar waje. Ƙauyen Bagega sai 2013 anka zo kwashe ƙasar da ta gurɓace, bayan an yi ta kuka. Gwamna nawa anka yi daga sannan? Yau ma in yaro ya kumbura, wurin baƙin nan uwatai ka kai shi. Wanga shi na abin kunya, kuma ba na mutum guda ba na. Sannan kuna maganar asibiti kun bar wurin kwana. Ku zo Anka ku ga mutanen da sunka baro garuruwansu suna zaune cikin ginin da ba a ƙare ba, shekara da shekaru.

Malam Lawali: Allah ya ƙara girma Baba. Nan nake son mu tsaya, don maganar muhalli ita ce ba wanda ke yi. A Gusau ɗin da ake yabo, kangon da babu ƙofa babu taga ya zama gidan iyali, masu gudun hijira sun cika shi. Kuɗin haya ya tashi, ƙaramin ma'aikaci ana ba shi takardar tashi. A 2024 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a Gummi. An kai tallafi, na yarda, amma buhun shinkafa da tabarma ba ɗaki ba ne. Kuma kada a ce wannan ma na Abuja ne: dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta danƙa ƙasar jiha. Ba sai ya gina wa kowa gida ba. Ya yanka filaye, ya fitar da hanya da magudanar ruwa, ya ba da takardar mallaka ba tare da mutum ya ƙare takalminsa a ofis ba. Bazamfare zai buga tubalinsa da kansa.

Kabiru: Malam dai an san gidan da ya fito. Lokacin tsohon gwamna Matawalle ina bakin nan yake?

Malam Lawali: Yana nan inda yake. Da aka yi mana alƙawarin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, mazaɓu 147, ni na fara tambaya a zauren nan: ma'aikatan da za su zauna ciki fa? Hau sama ka duba, ban goge ba.

Shamsiyya: Kuma kwatanta wannan gwamnati da na baya akwai rashin adalci a ciki. Tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayu 2023 kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru ƙwarai. Wanda ya fi samu dole ya fi yi.

Kabiru: Ƙanwata, lambar ce ta ƙaru, nairar ta faɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu goma. Kuma kar ki manta, mafi ƙarancin albashi na dubu talatin an sa masa hannu tun 2019, amma ma'aikacin Zamfara bai gan shi ba sai 2024. Wa ya biya? Da babu gara ba daɗi.

Anti Rabi: Wannan kam gaskiyarka, a aljihuna na gani. Sai dai "da babu gara ba daɗi" ba shi ne abin da ka buɗe zaure da shi ba, cewa ka yi ba a taɓa yin irinta ba. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi. Ni ba abin da aka rubuta a kasafi nake tambaya ba, nawa aka saki? Kuma cikin abin da aka saki, nawa ya tafi ga ɗan kwangila, nawa ya tafi ga ɗaukar ungozoma da alawus ɗin zaman ƙauye?

Kabiru: Sai an gina kafin a zuba mutane, Anti.

Anti Rabi: Akwai waɗanda aka gina tun zamanin gwamna Ahmad Sani Yarima, har yau ana jiran mutanen.

Shamsiyya: To mu rage gardama. Kusan kowace ƙaramar hukuma akwai ɗanta a zauren nan. Kowa ya kira gida ya tambayo asibitin mazaɓarsu: ana karɓar haihuwa da dare? Akwai ruwa? Akwai wuta? Ku turo nan kafin Juma'a, zan haɗa.

Kabiru: Na yarda, da sharaɗi. A tambayo kuma yadda yake kafin 2023.

Malam Lawali: A ƙara da kuɗin hayar ɗaki ɗaya, da da yanzu.

Baba na Anka: Shamsiyya, sa namu tun yanzu. Mazaɓarmu babu wanda za a kira, duk mun taso muna cikin gari.