Andrew Jennings: shi ma ɗan jaridar ƙwallo ne?

'Yar Ajin Jarida:
Assalamu alaikum. Malaminmu ya ce kowa ya yi rubutu kan ɗan jaridar wasanni guda da ya bar tarihi, sai wata ƙawata ta ce in ɗauki Andrew Jennings. Na duba, ban ga sharhin wasa a aikinsa ba, duk maganar cin hanci ce. Ya cancanci shiga wannan sahu kuwa? Kuma shi ne ya bankaɗo Amos Adamu, ɗan Najeriyar nan da ya yi aiki a hukumar ƙwallon duniya FIFA?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki riƙe shi, ƙawarki ta zaɓa miki na gari. Batun Adamu dai ba shi ba ne, jaridar Sunday Times ce ta yi wannan a 2010, FIFA ta dakatar da shi shekara uku.

Jennings ɗan Birtaniya ne, an haife shi a 1943, ya rasu a Janairun 2022. Ba ta ƙofar filin wasa ya shigo ba. Ya fara ne da binciken ɓata-garin 'yan sandan Landan da 'yan mafiyar Italiya, daga nan ya koma kan kwamitin Olamfik, har wata kotu a Lausanne ta ƙasar Suwizalan ta yanke masa ɗaurin kwana biyar na jeka-ka-gyara-halinka saboda abin da ya rubuta. Da ya waiwayo kan FIFA, da idon mai bin sawun ɓarayi ya zo.

Abin da na fi so ki rubuta shi ne dabararsa ta 2002. A taron manema labarai a Zurich, ya miƙe a gaban kowa ya tambayi Sepp Blatter, shugaban FIFA na lokacin, ko ya taɓa karɓar cin hanci. Blatter ya musanta, kuma Jennings ya san zai musanta. Ba don shugaban ya yi tambayar ba, don ma'aikatan da ke tsaye a bayan zauren ne, masu riƙe da takardu, waɗanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya amma ba su da bakin magana. So yake su gane akwai wanda ba ya tsoro. Bayan 'yan makonni kuwa wani jami'in FIFA ya neme shi da dare ya miƙa masa takardu. A 2003 FIFA ta hana shi shiga tarukanta, sai ya koma tare manyanta a filin jirgi da ƙofar otal, kyamara na biye da shi.

Na shekara ina aiki a wata tashar rediyo, na ga yadda ambulan ɗin kuɗin mota ke rufe bakin abokan aiki masu basira. Shi ya sa mutumin nan ke burge ni har yau. Ya yarda a rufe masa ƙofa, bai yarda a saye shi da katin shiga fili ba.

Ɗan Garwa:
Baba, da girmanka, amma kada a zuzuta. Jami'an Amurka ne suka sa aka kama jami'an FIFA bakwai a otal ɗin Baur au Lac da ke Zurich ranar 27 ga Mayu 2015, ba ɗan jarida ba. Kuma shirinsa na Panorama a BBC, wanda aka nuna kwana uku kafin zaɓen 2010 da ya ba Rasha da Ƙatar baƙuncin gasar duniya, ya ambaci Issa Hayatou, shugaban hukumar ƙwallon Afirka (CAF) na lokacin, kan karɓar kuɗin ISL, kamfanin da ke tallata wasannin FIFA. Hayatou ya ce na bikin cikar CAF shekara 40 ne, kwamitin Olamfik ya ja masa kunne kawai, kuma a 2015 shi ya zama shugaban riƙo na FIFA. To me ya canja?

Baba Mai Rediyo:
Gaskiyarka, ɗana, ɗan jarida ba ya kama kowa. Sai dai tun 2009 hukumar binciken Amurka FBI ta nemi Jennings, kuma shi ya ba su takardun da suka shafi Chuck Blazer, Ba'amurke babban jami'in FIFA, wanda daga baya ya zama mai kai musu rahoto daga cikin gida. Kwana shida bayan kamen nan Blatter ya ce zai sauka, alhali bai cika mako da sake cin zaɓe ba. Ban ce FIFA ta tsarkaka ba. Na ce ba don shekarun da ya yi yana tara takardu ba, da masu binciken sun daɗe suna lalube.

'Yar Ajin Jarida:
Na gode Baba, na gode Yaya. Zan fara da taron 2002, kuma zan sa hujjar Yaya Ɗan Garwa, don malaminmu ba ya karɓar rubutun da yabo ne zalla.