Tambaya kan duniyoyin da ke kewaya wasu taurari

Ɗalibi daga Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum. Malamai, na karanta cewa a shekarar 1995 Michel Mayor da Didier Queloz sun gano wata duniya, 51 Pegasi b, mai kusan rabin nauyin Jufita (mafi girma cikin duniyoyin da ke kewaya ranarmu), wadda ke kewaye tauraronta cikin kwana huɗu da 'yan awoyi. Ta yaya suka tabbatar da ita alhali ba su gan ta ba, kuma me ya kai ƙatuwar duniya dab da tauraronta haka?

Malamin kimiyya, Abuja:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Tauraron suka auna. Kamar yadda tauraro ke jan duniyarsa, ita ma tana jansa, sai ya riƙa matsowa gare mu yana ja da baya, kuma wannan motsi yana ɗan sauya launin haskensa a na'ura. Jufita tana motsa rana da gudun kusan mita 12 a daƙiƙa ɗaya. Hanya ta biyu ta gano irin waɗannan duniyoyi, wadda Kepler, na'urar hangen nesa da aka harba sararin samaniya, ta bi daga 2009 zuwa 2018, ita ce lura da raguwar haske duk lokacin da duniya ta gitta ta gaban tauraronta.

Malama daga Rayfield, Jos:
Malam ya bar tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi. Tauraro yana samuwa ne idan gajimaren gas da ƙura ya dunƙule saboda nauyinsa, kuma da yake yana juyawa, ragowarsa kan baje kamar faifai a kewayen sabon tauraron. A cikin faifan ƙura ke mannewa har ta zama duwatsu, duwatsun su zama duniyoyi. Kusa da tauraro zafi ba ya barin ƙanƙara, saboda haka kayan ginin kaɗan ne. Can nesa kuwa ƙanƙara na ƙara yawansu, shi ya sa manya irin Jufita ke tasowa a wurin. Galibin masana na ganin 51 Pegasi b ma a nesa ta samu, daga baya ta yi ƙaura zuwa ciki, ko dai ta hanyar gogayya da gas ɗin faifan, ko kuma wata duniya ce ta ture ta.

Wani mai karatu, Lugbe, Abuja:
Malama, irin faifan nan an ma gan shi. A 2014 na'urorin hangen nesa na ALMA da ke ƙasar Chile sun ɗauki hoton faifan da ke kewaye da matashin tauraro HL Tauri, da zobba da giɓi a tsakaninsu, inda ake zaton duniyoyi ne ke share hanya.