Giram 200 na gurzajjiyar kwakwa kofi nawa ne?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Kek ɗin kwakwa zan gasa gobe da safe, an rubuta giram 200, sikelina kuma ya mutu tun watan jiya. Ɗanya ce, da kaina na gurza. Kofi nawa zan zuba, ko dai in haƙura sai na samu wani sikelin?

Ummu Khairat: Wa alaikumus salam. Ki sayi busasshiya ta leda ki huta, giram ɗin na rubuce a jiki.

Maman Ilham: Anti na riga na gurza fa, tana firij.

Zee: Ɗanya kofi ɗaya wajen giram 80 ne idan ba ki danna ba, kin ga biyu da rabi ke nan. Amma kofin awo nake nufi mai mililita 240 irin na Amurka, akwai mai 250 kuma, ba kofin shan shayi ba.

Anti Rabi: Hmm kar ki soma wallahi. Ni haka aka ce min kofi kaza, na ɗauko busasshiya na cika kofi maƙil har ina dannawa da bayan cokali don kar ta yi kaɗan, ashe mai rubutun da ɗanya ta yi nata. Ɗanyar kusan rabinta ruwa ne, busasshiyar kuwa ta shanye min madara da ƙwan tas, kwaɓin ya yi tauri ina gani amma na ce obin zai gyara. Da na juye kek ɗin sai ya ruguje a faranti kamar an zuba yashi, ga mai odar tsaye a ƙofa. Na mayar mata da kuɗinta, kuma har yau ba ta amsa gaisuwata.

Fati Baker: Zee 80 ɗin nan naki ban yarda ba. Ni na auna na samu 93.

Zee: Mai sukari kika auna Anti Fati, ita ta fi nauyi. Mai manyan ɓarɓashi ma wajen 60 take tsayawa saboda iskar da ke tsakani.

Fati Baker: Shekara 15 ina gashi, yarinya, ba a intanet na koya ba.

Zee: To ai sikeli bai san shekaru ba Anti.

Baban Amir: Ni dai idan an gama a turo min in auna da baki, ma'aunina bai taɓa kuskure ba 😂

Anti Rabi: Kai Baban Amir ana maganar asara kana wasa.

Ummu Khairat: Wai Maman Ilham kin tabbata mutuwa ya yi? Nawa ma haka ya yi, ashe batir ne, ɗan zagayayyen nan kamar kwabo.

Fati Baker: Gara ke naki yana hannunki. Nawa maƙwabciya ta ara za ta auna fulawa sau ɗaya, wata huɗu ke nan, kullum yana wajen ƙanwarta.

Anti Rabi: Ai ni na daina ba da aron kayan kicin. Abin gurzata ya dawo min duk tsatsa, ko haƙuri babu.

Maman Ilham: Don Allah biyu da rabin zan zuba ko biyu?

Fati Baker: Anti Rabi ke naki ma ya dawo.